Lambar Mota: Daga Ofishin Ma'adinai na Faris Zuwa Bakin Titin Gazawa

Malaman da ke koyar da Faransanci sun san wata kalma da ke ɗaure wa yara kai. Ƙarfen nan da ake maƙala wa mota gaba da baya, wanda muke ce wa lamba ko plak, tsofaffin takardun hukuma suna kiransa plaque minéralogique, wato allon ma'adinai. Yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa sai ya ɗaga hannu ya ce, malam, me ya haɗa mota da ma'adinai? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta tana kai mutum nesa.

Asalin abin tururi ne. Kafin motar fetur ta yi ƙarfi, manyan injunan Faransa da wuta da ruwa suke aiki, kuma tukunyar irin wannan inji in ta fashe takan hallaka mutane. Injiniyoyin ma'aikatar ma'adinai aka ɗora wa aikin duba waɗannan tukwane. Da motoci suka fara fitowa, wasunsu ma da tururin suke tafiya, gwamnati ta duba ba ta ga ma'aikatan da suka san inji kamarsu ba, sai ta miƙa musu sha'anin mota. Sunan ofishinsu ya bi lambar har yau, ko da yake aikin ya daɗe da barin hannunsu.

Ran 14 ga Agusta 1893 shugaban ƴan sandan Faris, Louis Lépine, ya fitar da dokar da ake ɗauka ita ce ta farko a duniya kan wannan al'amari. Ta ce kowace mota ta ɗauki allon ƙarfe mai sunan mai ita, da inda yake zaune, da lambar izininsa. Ta ce direba ya mallaki takardar shaidar iya tuƙi. Ta kuma ƙayyade gudu: kilomita 12 a awa cikin gari, 20 a bayan gari. Yau mai keke ma yana wuce haka in ya samu gangare. A 1901 aka faɗaɗa dokar zuwa ƙasar duka, aka ce motar da ke iya wuce kilomita 30 a awa dole ta sa lamba gaba da baya, da manyan baƙaƙe. Holan ta riga ta fara nata tun 1898. Ingila ta yi dokarta a 1903, ta fara aiki da ita a farkon 1904, inda wani basarake mai suna Russell ya samu lamba A 1 a Landan.

A lura da dalilin da ya sa aka ce baƙaƙen su zama manya, kuma a sa su har a baya. Mai mota ya san motarsa, ba ya bukatar a rubuta masa komai a jikinta. Lambar baya an yi ta ne domin wanda aka bari a tsaye, ko a kwance, yana kallon motar tana tafiya. Masu motocin farko attajirai ne, suna tsorata dawaki, suna take kaji da karnuka, wani lokaci da mutane, su wuce abinsu. Talakan da ke tafiya a ƙasa shi aka ƙirƙira wa lamba. Wannan shi ne abin da na ga mun manta a nan yankinmu, har muka mayar da ita wata fitina tsakanin mai babur da jandarma kawai.

Mu ma ba baƙi ba ne ga sa wa dukiya alama. Fulani suna tsaga kunnen saniya yadda kowane gida zai gane tasa. Abzinawa suna ɗora wa raƙumi tambarin ƙarfe mai zafi a wuya ko a cinya, wanda ya san tambarin kuma zai gaya maka dangin da suka mallake shi ko da a bakin rijiya mai nisa ya gan shi. Amma babbar shaidarmu ba a jikin dabba take ba, a bakin mutane take. Ka je kasuwar dabbobi ka gani. Ba ka sayen sa daga hannun wanda ba ka sani ba sai da dillali, domin in daga baya aka ce na sata ne, dillalin za a nema, shi kuma ya san wanda ya kawo. Haka fatake suke a da. Ayari yana da madugu, baƙo yana da mai masauki, duk ɓarnar da aka yi akwai wuyan da za a kama. Dillali da mai masauki su ne katgiris ɗin kakanninmu, kuma tsarin ya yi aiki shekaru aru-aru saboda dalili ɗaya: babu abin da ke gudu fiye da labari. Jakin da ya harbi yaro, kafin mai shi ya kai ƙofar gari an tare shi. Inji ne ya rushe wannan. Motar da ta banke mutum a Gazawa, kafin ƙurarta ta kwanta ta kama hanyar Tasawa.

Ƙarfen Nasara ya fara zuwa mana a sifar bindiga. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ratso ƙasar Hausa tana ƙone garuruwa, har ajalin shugabanninta biyu ya riske su a wajen Mai Jirgi, inda kaburburansu suke. Shekara ashirin da biyar bayan haka wani ayarin ya biyo kusan wannan turba, amma na motoci. Kamfanin Citroën ne ya shirya shi domin talla. Motoci takwas masu taya a gaba da sarƙa a baya suka tashi daga Colomb-Béchar ta Aljeriya a ƙarshen Oktoba 1924, ƙarƙashin Georges-Marie Haardt da Louis Audouin-Dubreuil. Suka ƙetare Sahara, suka sauko Yamai, suka yada zango a Tasawa inda suka ɗauki hoton Sarki Barmu da fadarsa, suka wuce Damagaram da tafkin Cadi, ba su tsaya ba sai Madagaska a 1925. Kowace mota an zana mata alama a jiki, da ita ake kiranta: wata giwa, wata kurciya, wata jinjirin wata na azurfa. Ta shugaban tafiyar kuwa buzuzun zinariya ce. Ina jin da Tasawawan wancan lokaci sun gane cewa babban Bature ya zaɓi buzuzu ya zama tambarinsa, da an sha dariya a bayan fada.

Waɗannan masu wucewa ne. Abin da ya zaunar da mota a ƙasarmu gyaɗa ce. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama kuɗi, kuma ta Maraɗi da Tasawa da Magarya hanyarta mafi kusa zuwa teku ita ce ta Kano. Da farko raƙuma da jakuna ke kai ta, sannu a hankali manyan motoci suka karɓe. Faransa ba ta ji daɗin ganin arzikin ƙasar da take mulka yana bin layin dogon Ingilishi ba, don haka a 1953 ta ƙirƙiro tsarin da aka kira Hirondelle, a riƙa jan gyaɗa a mota zuwa Paraku ta Dahome, daga nan jirgin ƙasa ya kai ta Kwatano. Bayan ƴancin kai aka kafa SONARA a 1962 domin cinikin gyaɗa, aka kafa SNTN a 1963 domin sufuri. Alhazan Maraɗi da yawa a cikin wannan hada-hada suka sayi motocinsu na farko.

Tun daga lokacin, titinmu ya saba da lamba iri biyu. Wata yarjejeniya da aka ƙulla a Faris a 1909 ta ce motar da za ta ƙetare iyaka ta ɗauki haruffan ƙasarta. Ingilishi suka yi wa ƙasashensu na yammacin Afirka jeri guda: WAN ga Najeriya, WAG ga Gambiya, WAL ga Saliyo. Mu kuma bayan an kafa jamhuriya muka samu RN. Mutum ɗaya, harshe ɗaya, kaka ɗaya, amma motar wa tana ɗauke da RN, ta ƙane da ke Katsina tana ɗauke da wani abu dabam. Har hannun tuƙi ya bambanta. Najeriya da hagu take tafiya kamar Ingila sai ran 2 ga Afrilu 1972 da ta koma dama, saboda duk maƙwabtanta da dama suke bi. Kafin ranar, direban da ya fito daga Maraɗi ya wuce Ɗan Isa, yana shiga Jibiya sai ya sauya hannu.

Akwai wani gado na zamanin Nasara da ya fi haruffa nauyi, shi ne tsoron rubutu. Duk lokacin da Bature ya zo da littafi yana ƙirga, abin da ke biyo baya sananne ne. An ƙirga kawuna, haraji ya biyo. An ƙirga shanu, jangali ya biyo. An ƙirga samari, aka kwashe su soja ko aikin tilas, kuma hanyoyin motar farko da irin wannan aiki aka share su, ba a soke shi ba sai a 1946. An ƙirga yara, aka kai su lakwal ba da son iyayensu ba, shi ya sa ake ɓoye su a rumbu. Mu malamai mun fi kowa sanin wannan labari, domin saurarsa muke fama da ita duk lokacin ɗaukar sababbin ɗalibai. Mutumin da kakansa ya koya masa cewa shiga littafin gwamnati asara ce, kada ka yi mamaki in bai yi ɗokin kai baburinsa a rubuta ba. Ban ce yana da gaskiya ba. Na ce tsoron nasa yana da asali.

Bayan 1960 lamba ta zama madubin yadda aka raba ƙasa. Dokar 1964 ta kasa Nijar gida bakwai: Agadas, Difa, Doso, Maraɗi, Yamai, Tawa da Damagaram. A ƙarshen shekarun 1980 aka ware birnin Yamai, sauran ƙasar da ke kewaye da shi ta zama Tilaberi, aka samu takwas. Waɗanda suka yi wayo kafin sababbin lambobi sun san jerin da ke farkon plak, wanda, ban da Yamai, ya bi haruffan sunayen da Faransanci: 1 Agadas, 2 Difa, 3 Doso, 4 Maraɗi, 5 Tawa, 6 Tilaberi, 7 Damagaram, 8 Yamai. Na sha amfani da shi wajen koyar da labarin ƙasa. Ka fitar da yara bakin titi rabin awa da alli da allo, su dawo sun haddace jihohi takwas ba tare da bulala ba, har su gaya maka cewa 4 da 7 da 8 sun fi yawa a hanyarmu, su kuma nemo dalili da kansu. Sun san ARN motar gwamnati ce, in suka hango ta ta nufo makaranta sai ka ji raɗa ta zagaye aji, sufeto ya zo.

Wannan dabara ta sa lambar yanki daga Faransa aka kwaso ta. Tun 1950 motocinsu suna ƙarewa da lambar gunduma, 75 ta Faris. A 2009 suka watsar da tsarin, suka koma lamba ɗaya ta ƙasa baki ɗaya wadda mota ke riƙewa har ta mutu, ko an sayar da ita sau goma. Mu ma mun bi wannan sawu. Sababbin lambobinmu haruffa biyu ne da alƙaluma huɗu, ba sa gaya maka daga wace jiha mota ta fito, kuma an tattara ayyukan shigo da mota da yi mata rajista a ƙarƙashin tsarin taga ɗaya da ake kira GUAN. Ta fuskar hana maguɗi wannan ci gaba ne, domin rajista guda a kwamfuta ta fi littattafai takwas a ofisoshi takwas wuyar yaudara. Ni dai na yi asarar darasi guda.

Najeriya ta bi wata hanya. Lambarsu tana ɗauke da sunan jiha da kirarinta, Kano cibiyar kasuwanci, Katsina gidan karamci, sannan da haruffa uku na ƙaramar hukuma, irin su KTN ta Katsina da DRA ta Daura. Launin rubutun ma magana ne: shuɗi na mai zaman kansa, ja na haya, kore na gwamnati. Ba na cewa nasu ya fi namu tsabta, su ma suna kuka da lambobin bogi. Abin da nake so a gani shi ne lambarsu ta sauko har matakin ƙaramar hukuma, tamu kuwa ko a zamanin da take nuna yanki, a jiha ta tsaya.

Nan ne tarihin ya taɓo mu kai tsaye. Hukuma ta yi ta matsowa kusa da talaka. A 1972 aka cire Agye daga Tasawa, aka kuma raba Maraɗi aka fitar da Gidan Rumji da Madarumfa. A 2004 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi, garuruwa suka samu magadan gari. A 2011, lokacin da gundumomin ƙasa suka tashi daga 36 zuwa 63, Gazawa ta fita daga Agye ta tsaya da ƙafarta, ita da Gangara. Perfe ya zo, ofisoshi sun zo. Amma takardun abin hawa sun zauna a babban birnin jiha. Daga Gazawa zuwa Maraɗi kusan kilomita ɗari ne, ta Agye da Caduwa. Mutumin Gidan Rumji ya fi mu sauƙi, tasa tafiyar wajen rabin tamu ce, in dai a cikin garin yake ba a ƙauyukan bakin iyaka ba.

A da wannan nisa bai dami kowa ba, kuma da dalili. Wa ke da mota? Alhaji, da babban ma'aikaci, da mai Pijo 404 ko 504 ta haya. Dukansu suna zuwa Maraɗi ko babu zancen takarda. An gina tsarin ne domin mutane ƙalilan masu hali da ke zaune a birni. Sai abubuwa biyu suka faru. Motocin hannu daga Turai suka malalo ta tashar Kwatano, su shigo ta Gaya, da yawansu su zarce Najeriya ta Ƙonni da Maraɗi, musamman bayan karyewar darajar sefa a Janairun 1994, wadda ta sa sabuwar mota ta gagari kowa. Na biyun ya fi girma: daga shekarun 2000 baburan Sin da na Indiya suka cika kasuwa da araha. Abin da a da sai malamin asibiti ko sufeto mai Yamaha, ya zama manomi yana sayar da wake da riɗi bayan kaka ya saya. Kasea da Boxer suka shiga ƙauyen da mota ba ta taɓa zuwa ba. Babur ya zama motar asibiti, ya zama amalanke, ya zama kabu-kabu, ya zama abin da ake auna saurayi da shi. Masu abin hawa suka ninku ninki ba adadi, suka kuma tashi daga birni suka koma karkara, tsarin rajista yana nan inda aka bar shi.

Bari in jero yadda sarƙar take, domin iyaye da yawa suna zaton lamba aba ce da ake saye kamar madubi. Lamba ita ce ƙarshe. Farko akwai takardar duwan, mai nuna an biya kuɗin shigo da abin hawa ƙasa. Da ita da shaidar saye da katin ɗan ƙasa ake neman katgiris, wadda ke ɗauke da sunan mai shi da lambar da aka buga a jikin ƙarfen. Lambar da aka rubuta a katgiris ita ake bugawa a plak. Sannan ga inshora, ga harajin shekara, ga lasisin mai tuƙi. Kowace takarda tana tsaye ne a kan wadda ta gabace ta. To ga inda gizo ke saƙa a yankinmu: Gangara tana jingine da iyaka, kasuwannin Katsina sun fi Maraɗi kusa da wasu ƙauyukanmu, kuma naira ta sha faɗuwa har kaya a can su zama kamar kyauta. Babur da yawa ta hanyar gona suka shigo, ba su taɓa ganin ofishin duwan ba. Zoben farko ya ɓace, saboda haka sauran sarƙar ba ta da inda za ta kama. Abin da mai shi ke riƙe da shi rasit ne na shago, wani lokaci ma babu.

Wanda ya yi niyyar gyarawa kuma lissafi yake yi. Kuɗin mota zuwa da dawowa, abinci, wataƙila kwana, ranar aiki da ta tafi, kuma ba lallai a gama a zuwa ɗaya ba. Ga malami lissafin ya fi muni, domin ranakun da ofis ke buɗe su ne ranakun da aji ke jiransa. Daga nan ƴan tsakani suka samu abinci. Wasunsu mutanen kirki ne, suna kai takarda su kawo. Wasu kuwa, wani abokin aikina ya ba ɗayansu kuɗi da takardunsa, aka kawo masa plak mai kyau har da sheƙi, ya yi fiye da shekara yana yawo da ita, sai ranar da ya zo sayar da babur aka duba aka tarar lambar ba ta da tushe a ko'ina. Zuwa da kai ya fi aike, amma sai in wurin zuwan yana zuwuwa.

Wani zai ce to mene ne, ai babur yana tafiya ko babu lamba. Yana tafiya. A wata makarantar bakin hanya da na koyar, wata yarinya ƴar aji uku ta fito lokacin tara za ta tsallaka ta sayi ƙosai, mai babur ya kwashe ta, ya waiga sau ɗaya, ya ƙara wuta. Mutane sun fi ashirin a wurin. Da jandarma suka tambaya, abin da kowa ya iya faɗa shi ne babur ja ne, mai shi yana da hula. Jan babur da mai hula sun fi a ƙirga tsakanin nan da Tasawa. Ƙafar yarinyar ta karye, ubanta ya sayar da tumakinsa ya yi jinya, ita kuma ta rasa sauran shekarar, ta maimaita aji. Matsalar da Lépine ya gani a titunan Faris a 1893 ke nan, ba ragi ba ƙari.

Shi ma mai babur ɗin rashin lamba yana cin sa. In an sace, me zai gaya wa hukuma? In an kama ɓarawo da babur goma aka jera su a harabar jandarma, da me zai nuna nasa? Iyayen da ke saya wa yaro babur na hannu a kasuwa, ba takarda, ba dillalin da aka sani, su sani cewa wata rana ana iya tsayar da yaron a ce na sata ne, kuma shi za a fara riƙewa. Akwai kuma masu katgiris amma da sunan wani, an saya daga hannu zuwa hannu sau uku ba a sauya suna ba. A idon doka abin yana hannun mai sunan farko. Na ga rabon gado da ya tsaya cik a kan wata tsohuwar mota saboda takardarta tana ɗauke da sunan mutumin da ya sayar da ita tun da daɗewa, shi ma ya rasu, ƴaƴansa kuma sun ce ba su san zancen ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne tsaro. Tun 2019, lokacin da dubban ƴan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka kwararo cikin gundumar Gidan Rumji, kowa ya san da me ƴan bindiga ke zuwa: babur. Mun kuma ga abin da hukuma ke yi in ta kasa bambance na mugu da na mai neman abinci. A Difa, bayan hare-haren Boko Haram na Fabrairun 2015, an kafa dokar ta-ɓaci aka hana hawa babur. A sassan Tilaberi an yi haka a farkon 2020. Wake ɗaya ya ɓata gari. Wanda ya sha wahalar shi ne ɗan kabu-kabu da ya rasa sana'a, da mai naƙuda da ba ta da abin kai ta asibiti, da malamin ƙauye da ke tafiyar kilomita goma sha biyar zuwa ajinsa. In irin wannan doka ta faɗo mana, makarantun daji nawa za su buɗe?

Na san amsar da za a ba ni, kuma tana da ƙarfi: ɗan bindiga ba zai je layi ya yi rajista ba, in ma yana son lamba zai cire ta wani ya maƙala. Haka ne. Lamba ba ta kama ɓarawo da kanta. Amma a garin da kusan kowa ke da ita, wanda ba shi da ita fitowa yake fili kamar baƙin sa a cikin farare. A garin da kusan kowa ba shi da ita, mugu ya samu dajin ɓuya, kuma mu ne itatuwan.

Ba na ganin kame a bakin hanya zai warware wannan. An sha yi. Mako guda ana tara babura, masu su suna bin lungu suna kauce wa shinge, bayan mako biyu komai ya koma yadda yake. Mu malamai muna da wani misali a hannunmu da ya fi wannan. Shekara da shekaru yara suna kaiwa ajin jarrabawa ba su da takardar haihuwa, saboda an haife su a gida kuma kotu tana da nisa. Ba a magance shi da korar yara ba. Alƙali da magatakardansa ne suka riƙa ɗaukar littattafansu suna zuwa gari-gari, a zauna a inuwa, mai gari da shaidu suna nan, a yi wa yara da yawa takarda a yini guda. Daraktocin makarantu ne ke tattara sunaye tun kafin ranar. Wanda ya taɓa halartar irin wannan zama ya ga yadda mutanen da ake cewa suna gudun takarda ke cika wuri tun da hantsi.

Ban ga abin da zai hana a yi wa babur haka ba. Ma'aikacin duwan, da na sufuri, da mai inshora, da mai buga plak, su zo Gazawa tare na ƴan kwanaki bayan kaka, lokacin da kuɗi ke hannun mutane, su wuce Gangara da Agye da Caduwa, wani ayarin ya nufi Gidan Rumji da Tsibiri. A sanar ta rediyo da bakin masu gari, a manna farashin kowace takarda a bango da Hausa, boko da ajami. A buɗe wani wa'adi na rangwame ga baburan da suka riga suka shigo ba takardar duwan, domin in ba a ɗaura wannan zobe ba, sauran duk zance ne. Hukumomin garuruwanmu su ne ya kamata su rubuta wannan buƙata su kai Maraɗi.

Farawa kuwa ba ta bukatar jiran kowa. Ranar taron CAPED, baburan malamai na yanki guda duk suna jere a ƙarƙashin bishiya ɗaya. Mai ba da shawara kan koyarwa yana iya zagayawa da takarda ya rubuta na wa ke da katgiris, na wa ke da ita da sunan wani, na wa ba shi da komai sai rasit. Ƙungiyar iyayen yara ta yi irin wannan ga ɗaliban kwaleji da lise da ke zuwa a kan babur. Jerin sunaye daga makarantun gunduma guda, da sa hannun sufeto da na hukumar gari, shi za a ɗora a kan teburin perfe a nemi ranar zuwan ayarin.